Lord Rayleigh: Masanin da ya lissafa hawa da saukar sabis ɗin waya tun 1880

Injiniyoyin da ke tsara wuraren da za a kafa turakun sadarwar wayar salula, a Abuja ne ko a Kano ko a Gashuwa, suna da wani suna da ba ya rabuwa da bakinsu, wato Rayleigh. Da shi suke kiran wannan hali da duk mai riƙe da waya ya sani, inda sabis zai cika a wuri, a matsa taku ɗaya ya ragu, a juya kai muryar abokin magana ta yanke. Mai sunan Bature ne ɗan Ingila, John William Strutt, wanda aka fi sani da sarautar gidansu, Lord Rayleigh. Ya rasu a 1919, shekara 54 kafin a yi kiran farko da wayar hannu a birnin New York a 1973. Lissafin da ake dogara da shi a yau wajen fahimtar tafiyar igiyoyin rediyo a tsakanin gine-gine kuwa, ya wallafa shi ne tun 1880, lokacin da ba a ma tabbatar da cewa akwai irin waɗannan igiyoyi ba. Sauti yake nazari a lokacin, kuma babu wanda ya yi tsammanin amsar da ya samu za ta yi wa wani amfani.

Haihuwarsa da karatunsa

An haife shi a ranar 12 ga Nuwamba, 1842, a Langford Grove, kusa da garin Maldon a yankin Essex. Gidansu gidan sarauta ne da gonaki, ba gidan malanta ba. Ya tashi da rashin ƙoshin lafiya, har ya kasa daɗewa a manyan makarantun kwana na Eton da Harrow da aka kai shi. Daga bisani aka miƙa shi ga wani malami a garin Torquay da ke bakin teku, inda ya yi shekara huɗu.

A 1861 ya shiga Kwalejin Trinity ta Jami'ar Cambridge. Da farko bai kai wasu abokan karatunsa shiri ba, amma a hannun malamin lissafi Edward Routh ya cim musu, ya kuma wuce su. A 1865 shi ya zo na ɗaya a babbar jarrabawar lissafi ta jami'ar, wadda a wancan zamani ake ɗauka a matsayin ma'aunin ƙwaƙwalwa mafi tsanani a Birtaniya. A shekarar da ta biyo baya kwalejin ta ɗauke shi cikin malamanta. Ga magajin babbar gona, zaɓar kimiyya a matsayin sana'a abu ne da ba a saba gani ba, domin irinsu aikin soja ko siyasa ko kula da ƙasar gado aka san su da shi.

A 1871 ya auri Evelyn Balfour, yayar Arthur Balfour wanda daga baya ya zama Firaministan Birtaniya. Dokar kwalejin ta lokacin ba ta yarda da mai aure a wannan muƙami ba, don haka ya ajiye shi.

Launin sama da hazon hunturu

A shekarar aurensa ya wallafa binciken da ya fara fito da sunansa, kan dalilin da ya sa sararin sama yake shuɗi. Haske igiya ne, kuma kowane launi yana da nasa tsawon igiyar. Ya nuna cewa idan haske ya ci karo da ƙwayoyin da suka fi igiyarsa ƙanƙanta nesa ba kusa ba, gajeriyar igiya ta fi doguwa warwatsuwa, kuma bambancin yana da girma: idan aka rage tsawon igiya da rabi, warwatsuwar tana ninkuwa sau 16. Igiyar shuɗi ta fi ta ja gajarta, saboda haka tana warwatsuwa kusan ninki biyar, ta cika sama ta kowace fuska. A 1899 ya ƙara da cewa ƙwayoyin iskar kansu sun isa su haifar da wannan launi, ko da babu ƙura ko kaɗan.

Wannan ƙa'ida tana bayyana abin da mazauna Nguru da Gashuwa suke gani duk hunturu. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ƙwayoyinta sun kai igiyar haske girma ko sun fi ta. Don haka suna warwatsa dukkan launuka kusan daidai wa daida, sama ta koma fari-fari, rana ta dusashe. Igiyar wayar salula kuwa santimita ake auna ta, ƙwayar ƙura ba komai ba ce a gabanta. Shi ya sa hazon da ke hana direba ganin gabansa ba ya tare kiran waya. Abin da ke tare kira shi ne abu mai girma: bango, rufin kwano, mota, itace.

Littafin da aka fara a kan Kogin Nilu

Ba a daɗe da auren ba zazzaɓi mai kama gaɓoɓi ya kwantar da shi, har aka ji tsoron ba zai tashi ba. Likitoci suka ba shi shawarar ya guje wa sanyin Ingila, sai ya tafi Masar da matarsa a ƙarshen 1872. A cikin jirgin ruwa mai ɗakunan kwana, suna bin Kogin Nilu, nesa da duk wani ɗakin karatu, ya fara rubuta littafinsa kan ilimin sauti, The Theory of Sound. An buga shi a juzu'i biyu, a 1877 da 1878, kuma har yau ana sake buga shi ana karantawa.

Bayan dawowarsa a 1873 mahaifinsa ya rasu, ya gaji sarautar a matsayin Lord Rayleigh na uku, tare da gidan Terling Place da ƙasa mai faɗin eka 7,000. A wannan shekarar aka zaɓe shi ɗan ƙungiyar Royal Society, babbar majalisar masana kimiyya ta Birtaniya. Ya gwada tafiyar da gonar da kansa na 'yan shekaru, amma a 1876 ya miƙa ta ga ƙanensa Edward, wanda ya mayar da hankali kan kiwon shanun madara har suka buɗe shagunan sayar da ita a Landan. Shi kuma ya mayar da wani sashe na gidan ɗakin gwaje-gwaje. An san ɗakin da kayan aiki marasa tsada, katako da gilashi da waya da kakin liƙi, mafi yawansu haɗin gida.

A ƙarshen shekarun 1870 farashin amfanin gona ya faɗi a Ingila, kuɗin shigar gidan ya ragu. Ana cikin haka James Clerk Maxwell ya rasu a 1879. Maxwell shi ne wanda lissafinsa ya yi hasashen cewa akwai igiyoyin lantarki da maganaɗisu masu tafiya da gudun haske, kuma shi ne shugaban farko na ɗakin bincike na Cavendish a Cambridge. Aka nemi Rayleigh ya gaje shi, ya amince ya yi shekara biyar. A can ya tsara yadda ake koya wa ɗalibai gwaji da hannunsu, ya kuma sake auna ma'aunan lantarki, musamman wanda ake kira om, da taimakon yayar matarsa, Eleanor Sidgwick. A 1884 ya koma gida, J. J. Thomson ya hau kujerar.

Tambayar 1880

A shekararsa ta farko a Cavendish ya wallafa wata gajeriyar maƙala a mujallar Philosophical Magazine. Tambayar da ya ɗauko mai sauƙin faɗa ce. Kowace igiya tana da tudu da kwari. Idan tudun wata ya haɗu da tudun wata, sai su ƙarfafa juna; idan tudu ya haɗu da kwari, sai su kashe juna. To, idan igiyoyi masu yawa, masu murya iri ɗaya, suka taru a wuri guda ba tare da wani tsari ba, wata ta riga wata, wata ta makara, me zai fito daga haɗuwarsu?

A ɗauka masu busa ɗari ne suke busa murya ɗaya. Da za a daidaita kaɗawar sautinsu tudu a kan tudu, tsayin igiyar da za ta fito zai ninka na mutum ɗaya sau ɗari. Idan babu daidaito, Rayleigh ya nuna cewa abin da za a samu a matsakaici ninki goma ne kawai. Muhimmin abin da ya gano shi ne, wannan matsakaici ba abin dogaro ba ne a kowane lokaci guda. Komai yawan masu busar, sautin ba ya tsayawa a matsakaicin. Wani lokaci ya zarce shi, wani lokaci ya faɗi har ya kusa zama shiru. Ya fitar da ƙa'idar da ke faɗin sau nawa za a samu kowane mataki na ƙarfi, kuma ita ce take ɗauke da sunansa a littattafan lissafi.

Shekara bakwai bayan haka ne Heinrich Hertz, a birnin Karlsruhe na Jamus, ya samar da igiyoyin rediyo a ɗakin gwaji, ya nuna cewa suna dawowa idan sun bugi ƙarfe kamar yadda murya ke dawowa da amsa-kuwwa. Maƙalar Rayleigh kuwa ta zauna a ajiye. A 1905 masanin ƙididdiga Karl Pearson ya aika tambaya ga mujallar Nature kan mutumin da ke tafiya yana sauya fuska barkatai bayan kowane taku, yana son sanin inda zai ƙare. Yaɗuwar sauro a fili na cikin abin da ya sa shi tambayar. Rayleigh ya amsa masa cewa lissafin yana nan tun shekara 25 da suka wuce.

Daga fadamar Dagona zuwa kasuwar Nguru

Domin ganin yadda wannan lissafi ya shafi waya, yana da kyau a kwatanta wurare biyu a arewacin Jihar Yobe. Ƙauyen Dagona yana cikin Ƙaramar Hukumar Bade, a dausayin Haɗeja da Nguru, inda ƙasa take shimfiɗe babu dutse babu tudu. A irin wannan fili, igiyar da ta taso daga eriyar da ke kan turke tana iya isa ga waya kai tsaye. Akan samu wata da ta bugi ƙasa ko fuskar ruwa ta taso, da 'yan kaɗan da itatuwa suka warwatsa, amma ta kai tsaye ita ce ke rinjaye. Matsalar karkara yawanci nisa ce: ƙarfin igiya yana raguwa da tazara, ganyen itatuwa yana shanye wani abu daga ciki, kuma turaku ba su da yawa. Wannan yanayi da ake da igiya ɗaya mai rinjaye, wani masani na kamfanin Bell na Amurka, Stephen Rice, ya fitar da lissafinsa a shekarun 1940 ta hanyar faɗaɗa na Rayleigh.

A tsakiyar kasuwar Nguru ko cikin unguwannin Gashuwa labarin daban ne, balle a Kantin Kwari na Kano ko tsakanin dogayen benayen Abuja. Wayar da ke hannun mai shago ba ta ganin turke. Saƙon yana zuwa mata ta hanyoyi uku. Wani ya bugi rufin kwano ko ƙofar ƙarfe ko jikin tirela ya dawo, domin ƙarfe yana mayar da kusan dukkan abin da ya same shi. Wani ya lanƙwasa ta kan bakin rufi ko kusurwar gini ya gangaro cikin lungu, kamar yadda ake jin kiran salla a bayan katanga ba tare da an ga lasifika ba. Wani kuma ya warwatse a jikin turakun wuta da allunan talla da rassan darbejiya. Bangon bulo ko na ƙasa yana shanye wani kaso ya bar saura ya ratsa. Abin da ke isa ga wayar tarin kwafi ne na saƙo ɗaya, kowanne ya bi tasa hanyar, ya iso a nasa lokacin. Tambayar 1880 ke nan, sai dai igiyar rediyo ce a madadin sauti.

Tsawon igiyar shi ke bayyana dalilin da taku ɗaya ke sauya komai. A zangon megahaz 900, wanda layukan GSM suke amfani da shi, tazarar tudu zuwa tudu kimanin santimita 33 ce. A megahaz 1,800 kimanin santimita 17 ce. A zangon megahaz 3,500, wanda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjonsa domin 5G a Disambar 2021, ba ta kai santimita tara ba. Matsar da waya rabin wannan tsawo ya isa ya sauya yadda kwafin suke haɗuwa. Saboda haka iskar gari cike take da ramukan da ido ba ya gani, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Mai sana'ar POS da ke ɗaga na'urarsa sama ko ya miƙa ta waje, daga rami yake fitar da ita. Wanda ke kan babur yana gudun kilomita 36 a awa kuma, a zangon megahaz 900, yana ratsa irin wannan tazara kusan sau 60 a kowace daƙiƙa.

Babu injiniyan da zai iya bin kowane rufi da kowace mota ya lissafa hanyar kowace igiya. Amfanin ƙa'idar Rayleigh shi ne ba ta buƙatar haka. Tana cewa, inda babu hanyar kai tsaye, a kusan wuri ɗaya cikin goma ƙarfin saƙo zai faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na matsakaicinsa, a wuri ɗaya cikin ɗari kuma zai faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. Da wannan ne ake sanin rarar ƙarfin da za a tanada. Awon da aka yi a titunan New York a farkon shekarun 1950 ya nuna cewa haka abin yake. A 1968 R. H. Clarke na kamfanin Bell ya gina cikakken bayanin karɓar saƙo a cikin mota a kan wannan tushe. A shekarar dai Yoshihisa Okumura da abokan aikinsa suka wallafa awon da suka yi a Tokyo da kewaye, kan yadda matsakaicin ƙarfi yake raguwa da nisa a birni da bayan gari da fili, sannan Masaharu Hata ya mayar da sakamakon ƙa'idojin lissafi a 1980. Aikin Okumura da Hata yana faɗin iyakar inda turke zai kai, na Rayleigh yana faɗin hawa da saukar da za a tarar a cikin wannan iyaka.

Maganin ma daga lissafin ya fito. Idan damar eriya ɗaya ta faɗa rami ɗaya cikin goma ce, damar eriya biyu da ke nesa da juna kaɗan su faɗa tare kusan ɗaya cikin ɗari ce. Shi ya sa ake jera eriya fiye da ɗaya a kan turke, ake kuma saka fiye da ɗaya a cikin wayoyin zamani. Tsarin GSM yana iya sauya zango kusan sau 217 a daƙiƙa, domin ramin wani zango ba lallai ya zama ramin wani ba, yana kuma rarraba guntayen murya ta yadda idan wasu sun ɓace za a cike gurbinsu. Tsarin 4G da 5G sun wuce nan, suna amfani da yawan hanyoyin wajen aika saƙonni daban-daban a lokaci guda, abin da a da yake cikas ya koma hanyar ƙara gudun intanet.

A Najeriya an yi gwanjon lasisin GSM a Janairun 2001, layuka suka fara aiki a watan Agusta na shekarar. Mutanen Yobe sun san nauyin abin fiye da wasu, domin a Mayun 2013, bayan ayyana dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an rufe layukan waya na tsawon makonni. Mai kifi da mai shanu da mai jinya duk sun ɗanɗana yadda ciniki da neman agaji suke idan babu sabis.

Miligiram 11 da suka kai shi ga kyautar Nobel

Halin da ya sa Rayleigh ya ƙi yarda da matsakaici a 1880 shi ne ya kai shi ga babban abin da duniya ta san shi da shi. Bayan komawarsa Terling ya shafe shekaru yana auna nauyin iskoki iri-iri. Da ya zo kan naitirojin sai ya ga wadda ya tace daga iskar da ake shaƙa ta fi wadda ya haɗa daga sinadarai nauyi. A cikin tulun gilashin da yake awo da shi, ɗaya ta kai kimanin giram 2.310, ɗayar kuma giram 2.299. Bambancin miligiram 11 ne, kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari, irin wanda mai gaggawa zai ɗora wa kuskuren sikeli. Rayleigh ya san iyakar kuskuren sikelinsa, ya san bai kai haka ba. A 1892 ya rubuta wa mujallar Nature yana neman masana sinadarai su taimaka masa da bayani.

William Ramsay na Kwalejin Jami'a ta Landan ya shiga binciken, kowannensu ya bi tasa dabarar, suka cire naitirojin ɗin gaba ɗaya suka ga akwai saura. Wata iska ce da ba a san da ita ba, mai nauyi, wadda ba ta haɗuwa da komai. Suka sanar da ita a taron masana a Oxford a Agustan 1894, suka gabatar da cikakken bayani a farkon 1895, aka sa mata suna argon daga kalmar Girkanci mai nufin malalaci. Kusan kashi ɗaya cikin ɗari na iskar duniya ita ce, ɗan Adam yana shaƙarta tun farkonsa bai sani ba. A 1904 aka ba Rayleigh kyautar Nobel ta fiziks, Ramsay kuma ta kimiyyar sinadarai. Rayleigh ya bayar da kuɗin kyautar ga Jami'ar Cambridge, mafi yawansa domin faɗaɗa ɗakin bincike na Cavendish.

Tsuntsaye, girgizar ƙasa da bututu

Tafkin Dagona ya yi suna da tsuntsayen ruwa, na gida irin su dinya da kirinjijiya, da baƙin da ke ƙetaro Sahara daga Turai duk hunturu, kuma yana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi. Tashin tsuntsu ma bai wuce hankalin Rayleigh ba. A 1883 ya bayyana cewa tsuntsun da ke shawagi ba tare da kaɗa fiffike ba, kamar yadda shirwa da ungulu suke yi, dole ne yana cin moriyar iskar da ke tashi sama, ko kuma bambancin gudun iska tsakanin ƙasa-ƙasa da sama. Daga 1909 shi ya shugabanci kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan harkar jiragen sama.

A 1885 ya lissafa wata igiya da ke bin fuskar abu mai tauri ba tare da ta nutsa ciki ba. Daga baya masu nazarin girgizar ƙasa suka gan ta a na'urorinsu. Tun daga shekarun 1960 injiniyoyi suka koyi tayar da irinta a kan ɗan ƙaramin dutse mai sheƙi, kuma a yau irin waɗannan 'yan duwatsu suna cikin wayoyin salula suna tace zangon da ake so daga wanda ba a so. A 1897 ya nuna cewa igiyoyin lantarki za su iya bin cikin bututun ƙarfe, dabarar da ta zama ginshiƙin na'urar rada bayan kusan shekara 40. Da Marconi ya ce saƙonsa ya ƙetare Tekun Atlantika a 1901, Rayleigh na cikin waɗanda suka nuna cewa lanƙwasar igiya a bayan doron ƙasa kaɗai ba ta isa ta bayyana hakan ba. Daga baya aka tabbatar cewa wani sashe na sararin sama ne yake mayar da igiyoyin ƙasa.

Ba kullum lissafinsa yake cin nasara ba. Ƙa'idar da ya kawo a 1900 kan hasken da abu mai zafi yake fitarwa ta yi daidai a dogayen igiyoyi, ta rushe a gajeru. Max Planck na Jamus ne ya kawo wadda ta dace, daga nan sabuwar kimiyyar ƙwayar zarra ta taso, kuma Rayleigh bai taɓa sakin jiki da ita ba har ƙarshen rayuwarsa.

An kuma san shi da adalci ga waɗanda ba su da suna. Lokacin da yake sakataren Royal Society, muƙamin da ya riƙe daga 1885 zuwa 1896, ya tono wata maƙala kan ɗabi'ar iska da wani ɗan Sikotilan, John James Waterston, ya aiko tun 1845 aka ƙi bugawa. Ya karanta ya ga mutumin ya riga manyan masana gano gaskiya da shekaru, sai ya sa aka buga ta a 1892, bayan marubucin ya riga ya bar duniya.

Ƙarshen rayuwarsa

Ya koyar a cibiyar Royal Institution ta Landan daga 1887 zuwa 1905, ya shugabanci Royal Society daga 1905 zuwa 1908, daga nan ya zama uban Jami'ar Cambridge har rasuwarsa. Ya kuma ba hukumar kula da fitilun gaɓar teku shawara kan ƙahon gargaɗin jiragen ruwa a cikin hazo, aikin da ya mayar da shi ga ilimin sautin da ya fara da shi. Ya rasu a Terling Place a ranar 30 ga Yuni, 1919, yana da shekara 76, aka binne shi a ƙauyen. Maƙalunsa 446 ne, an tattara su a juzu'i shida. Babban ɗansa, Robert, ya gaji sarautar, ya kuma zama farfesan fiziks a Kwalejin Imperial ta Landan.

Gaskiya ne Rayleigh ya samu abin da mafi yawan masu bincike ba sa samu, wato gado da ya ɗauke masa neman abinci. Amma kayan aikinsa ba su fi ƙarfin ƙaramar jami'a ba, kuma tambayoyinsa daga abin da kowa ke gani suka fito: launin sama, amsa-kuwwa, shawagin tsuntsu, ɗan bambanci a kan sikeli. Ƙa'idojin da ake tsara sadarwa da su an gwada su ne a New York da Tokyo, biranen da gininsu da itatuwansu da yanayinsu suka bambanta da na garuruwan Sahel masu gidajen ƙasa da rufin kwano da fadamar da ke cika ta janye duk shekara. Auna yadda igiya ke tafiya a irin waɗannan garuruwa aiki ne da ɗaliban kimiyya na jami'o'in yankin, har da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013, za su iya yi da waya da kwamfuta da haƙurin maimaita awo.